Karatun Kwana Ba Ya Yin Likita

Jama'a, duk wanda ya san Naraguta, inda Jami'ar Jos take da babbar harabarta, ya san halin ɗalibai in jarrabawa ta matso. Sai ka ga yaro ya lulluɓa da bargo cikin sanyin nan na Jos, ya duƙufa kan littafi har assalatu. Da gari ya waye ya je ya amayar da abin da ya cusa wa kansa. Bayan mako guda in ka tambaye shi sai ya yi ta sosa ƙeya. To, a wani fannin hasarar tasa ce shi kaɗai. Amma in likita za a yi, hasarar ta mai ciwo ce.

Hanyar zama likita doguwa ce. A Nijeriya ɗalibi yakan yi shekara 6 a jami'a, sa'an nan ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci, kafin Majalisar Likitoci ta ƙasa, watau MDCN, ta ba shi cikakken lasisi. Wanda ya yi karatunsa a waje kuwa, a Sudan ko Masar ko Rasha, sai ya ci jarrabawar majalisar tukuna. Mai niyyar aiki a Ingila yana da PLAB a gabansa, mai son Amurka yana da USMLE. Ba laifi ba ne mutum ya nemi maki mai yawa. Abin da nake ƙi shi ne hanyar da yawanci suke bi: maimaita karanta shafi ɗaya, da haddace amsoshin tambayoyin bara kamar aku.

Ga dalili. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. A 2006 waɗansu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai rubutu. Wasu suka yi ta sake karantawa, wasu suka rufe takarda suka rubuta abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu sake karatu ne a gaba. Bayan mako guda fa sai labari ya juya, masu gwada kansu suka wuce su. Nan ruɗin yake: sake karatu yana sa mutum ya ji kamar ya sani, alhali idonsa ne kawai ya saba da shafin.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne a gare mu. Almajiri ba ya wanke allo sai ya kawo hadda da ka a gaban malam, kuma ba ya barin tilawar baya don ya sami sabon ƙari. Saboda haka mai shirin jarrabawa ya rufe littafi ya tambayi kansa, yau, da jibi, da mako mai zuwa. Tambayoyin bara suna da amfani ƙwarai, muddin in ya faɗi wata zai koma ya binciko abin da ya sa ya faɗi, da abin da ya sa sauran amsoshin ba daidai ba ne.

Amma ko wannan bai isa ba. Jarrabawar likita ta zamani tana da sashen da ake kira OSCE, wanda Ronald Harden da abokan aikinsa suka bayyana a Dundee ta ƙasar Sukotland a 1975. Ɗalibi yana bin tasha tasha, a kowace ya tambayi mara lafiya, ko ya duba shi, ko ya yi masa bayani, malami na tsaye yana lura. Wa ya taɓa koyon taɓa ciki ko sauraren ƙirji a kan tebur da tsakar dare? Dukawan Naraguta ba su koyi ɗinkin jaka da jin labari ba. Sa'ar da ɗalibi ya guje wa zagayen marasa lafiya a asibitin koyarwa don ya samu ya yi karatu, lalle maki yake zubarwa.

Mu mutanen Jos bai kamata a tuna mana nauyin wannan ba. A 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya daga garin Lassa zuwa asibitin mishan na Jos da wani zazzaɓi da ba a san shi ba, ta rasu, cutar ta kama masu jinyarta. A 1970 ta sake ɓarkewa a garin, har likita Jeanette Troup ta rasa ranta. Zazzaɓin Lassa kuwa da farko kama yake da na cizon sauro ko taifot. Likitan da zai tsaya ya ce, "Anya, me ya sa wannan zazzaɓi ya ƙi jin magani?" shi ne wanda ya fahimci aikinsa, ya kuma saba da gefen gado.

Su kansu masu USMLE sun ga illar tseren maki, har a Janairun 2022 suka daina ba da lamba a matakin farko, sai dai a ce an ci ko an faɗi.

To, ina ruwanmu da wannan, mu da ake horarwa don koyar da yara? Ruwanmu da tsaki. Ɗalibin da ke kwana kan littafi a Naraguta a firamare ya koyi halin, wurin malamin da ke cika allo da rubutu a kwafa, ba ya tambaya sai ƙarshen zango. Ina roƙon 'yan'uwa masu fita aikin gwaji bana su ware minti 5 na farkon kowane darasi, a rufe littattafai, a tambayi na jiya, ran Juma'a kuma a tambayi na makon da ya wuce. Yaron da ya kasa kada a doke shi, a nuna masa inda ya kauce, a sake tambayarsa ran Litinin.