Baƙo Raɓa Ne

Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun da muke nufi a nan na mutanen Armeniya ne, wata 'yar ƙaramar ƙasa da ke maƙale a cikin duwatsu tsakanin Turkiyya da Iran da Jojiya da Azarbaijan. Mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Minna da su? To, a biyo mu a sha labari.

Shekara da shekaru Armeniya ta jingina da Rasha, har ta ba ta mazaunin soja a garin Gyumri, tana gaba da maƙwabtanta tana taƙama da uban gida. A 2020 suka gwabza yaƙin kwana 44 da Azarbaijan a kan yankin Nagorno-Karabak, Rasha ta raba faɗan, ta girke dakaru kusan 2,000 don tsaron mazauna yankin. Amma da ta afka wa Yukren a 2022, sai hankalinta ya koma can, ga shi kuma tana bukatar shiri da Turkiyya da Azarbaijan. A Disamban 2022 aka toshe hanyar da ke kai wa yankin abinci da magani. Ranar 19 ga Satumba, 2023, Azarbaijan ta kai farmaki, cikin 'yan kwanaki Armeniyawa fiye da 100,000 suka bar gidajensu da kaburburan kakanninsu, dakarun uban gida suna tsaye suna kallo. A Agustan 2025 sai ga shugabannin ƙasashen biyu a gaban Donald Trump a Washinton, an amince Amurka ta sami hannu a wata hanya da za ta ratsa kudancin Armeniya a bakin iyakar Iran. Ƙarshen ta dai, da maƙwabcin nan aka koma zaman sulhu, bayan an yi asarar da ba ta mayuwa.

Yanzu mu dawo gida. A Maris ɗin 2023 sakataren harkokin wajen Amurka, Antony Blinken, ya je Yamai yana yabon dimokuraɗiyyar Nijar, lokacin da sojojin ƙasarsa kimanin 1,000 ke can, da sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka hamɓare Shugaba Bazoum. Kafin 2023 ta ƙare sojojin Faransa sun fice, a Afrilun 2024 masu horar da soja na Rasha suka sauka Yamai, zuwa Satumba Amurka ta gama kwashe ya-nata-ya-nata. Masu kaɗa tutar Rasha a titi suna murnar sabon majiɓinci su sani, ita ce dai Rashar da ta zuba ido Karabak ta zama kufai. Wanda ya saki abokin da ya daɗe da shi a bakin ƙofarsa, don me zai yi wa na Sahel alkawarin har abada? Sauya uban gida bai taɓa 'yanta bara ba.

Mu ma a Nijeriya ba mu da bakin yi wa kowa gori, domin abin da muka aikata ya fi wannan muni. Da ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, mu ne muka rufe iyaka, muka katse wutar lantarkin da ke tashi daga madatsar Kainji, a nan Jihar Neja, ta bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga wurinmu take zuwa. Janar Tiani bai kwana cikin duhu ba. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu su ne majinyaci a asibiti, da mai niƙa, da mai sayar da ƙanƙara, da 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari waɗanda kayansu suka ruɓe a kan iyaka. Sai a Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, ba tare da Bazoum ya koma mulki ba, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ɗungurungum. Me muka tsinta ban da ƙullatar 'yan'uwa?

Abin da ya ɗan wanke mu shi ne zaman lallashi. Janar Abdulsalami Abubakar, ɗan garin nan na Minna, tare da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, su ne suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai a Agustan 2023, sa'ad da wasu ke kaɗa gangar yaƙi. Sun san cewa Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne, haka Sakkwato da Birnin Ƙonni, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Kiranmu ga mahukuntan Abuja da na Yamai shi ne, kada a sake mayar da wuta da abinci da magani makamin siyasa a tsakaninmu, kuma duk yarjejeniyar tsaron da za a ƙulla da wata babbar ƙasa a fara auna ta da idon maƙwabci. Manufofin Washinton suna sauyawa da zaɓe, na Mosko suna sauyawa da yaƙi, amma Kogin Kwara da ya ratso Yamai ya zubo Kainji ba ya sauya hanya. Baƙo raɓa ne, rana na ɗagawa zai bushe, a bar mu da juna. Allah ya sa mu gane tun kafin namu gemun ya kama.