Ra'ayinmu: Kafin a zagi ɗan baya, a saya masa ƙwallo

Jama'a, duk wanda ke zaman majalisar masu shayi ko yake leƙa gidajen kallon ƙwallo a Sarkin Yamma, Safo, Jiratawa har zuwa cikin Maraɗi, ya san gardamar da ba ta ƙarewa a kan yaranmu masu tsaron baya. Wani ɓangare na cewa yaran yanzu ba su iya bugu ba, da zarar ƙwallo ta zo ƙafarsu sai su runtse ido su narka ta sama, inda ta faɗi nan ta faɗi. Ɗaya ɓangaren kuwa, wanda galibi dattawa ne da suka taka balo a zamaninsu, na cewa ai aikin ɗan baya ke nan, ya kori haɗari daga gida, ƙawa da iyayi na ƴan gaba ne. Mun ga ya dace mu sa baki, domin kuwa kuɗin ƴan kasuwa ne ke ɗaukar nauyin yawancin gasannin da ake yi a ƙauyuka da unguwanni, kuma yaran da ake yi wa ihu a bakin fili ƴaƴan matan kasuwa ne.

Da farko dai, dattawan suna da hujja. Filayen da yaranmu ke wasa a kansu rairayi ne da kwazazzabai, wani wurin ma gona ce da aka girbe gero aka bar kututtura. Ƙwallon da aka tura ta ƙasa a irin wannan fili takan maƙale a hanya ko ta yi tsalle ta kauce, abokin hamayya ya tsince ta a bakin raga. Yaron da hakan ta faru da shi sau ɗaya, ya sha zagi daga ƴan kallo har aka ambaci iyayensa, ba zai sake gwadawa ba. Ya koyi darasin da muka koya masa, wato ya raba kansa da ƙwallo tun kafin laifi ya hau kansa.

To amma wasan ya sauya, kuma dokokinsa ne suka sauya shi. A shekarar 1992 aka hana mai tsaron gida kama ƙwallo da hannu idan ɗan ƙungiyarsu ne ya bugo masa ita da ƙafa da gangan. A 2019 kuma aka ba ƴan baya damar karɓar bugun mai tsaron gida tun daga cikin da'irarsa, ba sai ƙwallo ta fita waje ba. Wannan ya sa manyan ƙungiyoyin da muke kallo a talabijin suke fara ƙulla wasa daga baya, kuma duk mai neman ƴan wasa, abin da yake fara dubawa a wurin ɗan baya shi ne ko ya iya tsayar da ƙwallo ya miƙa ta ga wanda ya nufa, da dama da hagu.

Ƴan kasuwa sun fi kowa gane wannan magana. Ƙwallo a ƙafar ƙungiya kamar jari ce a hannun mai shago. Yaron shagon da ke tare ɓarawo abin yabo ne, amma idan duk kayan da ya ƙwato sai ya jefa su bayan katanga, gobe ma ɓarawon ne zai tsince su. Haka ɗan bayan da ke ƙwace ƙwallo ya mayar wa abokan hamayya: ƙungiyarsa za ta wuni tana gudu, ƴan gaba su tsaya kamar masu jiran motar da ba ta da ranar zuwa.

Mun ga misalin haka a ƙungiyar ƙasa. Mena ta faranta mana rai da ta samu zuwa gasar cin kofin Afirka a 2012, ta tsallake Masar da Afirka ta Kudu a wasannin share fage, ta kuma koma a 2013. Amma a wasanni 6 da ta buga a gasannin biyu, ƙwallo 1 tak ta ci, aka zura mata 9, ta dawo da maki 1 da ta samu a kunnen doki da Kwango. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba, riƙe ƙwallo da isar da ita gaba ne suka yi wuya. Ba kuma baiwa ce yaranmu suka rasa ba, tunda ƴan ƙasa da shekara 17 na Nijar sun je gasar duniya a Indiya a 2017, suka fito daga rukuni, sai a zagaye na biyu Gana ta fitar da su da ci 2 da nema.

A watan Fabrairun 2019 Nijar ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, aka buga wasu wasannin a nan filin Maraɗi, Mali ta ɗauki kofi bayan ta doke Senegal a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Waɗannan ƙasashe biyu sun daɗe da buɗe makarantun koyar da yara ƙwallo. A makarantar da Bafaranshe Jean-Marc Guillou ya kafa a Abijan a 1994, wadda ta yaye Kolo Ture, da kuma wadda ya buɗe daga baya a Bamako, ba takalmi yara ke fara wasa, sai sun nuna sun mallaki ƙwallo ake ba su. Ke nan rashin takalmi mai tsada bai isa uzuri ba. Abin da yaran can suka fi namu shi ne yawan taɓa ƙwallo a kowace rana, da malamin da ke tsaye yana gyara musu ƙafa.

A nan ne maganar ta dawo kan ƴan kasuwa. Duk lokacin hutun makaranta ko bayan kaka, za ka ji wani Alhaji ya sa kofi. A sayi kofi mai ƙyalli, a ɗinka riguna da sunan shago a baya, a ɗauko makaɗa da lasifika, a yi mako biyu ana cashewa, a watse. Muna yaba wannan ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Sai dai idan aka koma unguwa washegari, yara ashirin ne ke bin ƙwallo guda, ita ma an sha ɗinke ta. A irin wannan wasa ɗan baya zai iya wuni bai taɓa ƙwallo sau goma ba. Ta ina zai koyi bugu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙafar da ba ta saba tun tana shekara goma ba, da wuya ta saba a shekara ashirin.

Saboda haka muna kira ga masu sa kofi da su raba kuɗin gida biyu. Rabi ya tafi ga gasa, rabi kuma a sayi ƙwallaye a damƙa wa ƙungiyoyin yara, yadda kowane yara biyu ko uku za su samu tasu a lokacin horo. A samu matashi mai natsuwa a kowane gari a ɗauki nauyinsa ya je ya samu horon koyarwa ta hannun hukumar FENIFOOT da reshenta na jahar Maraɗi, a kuma riƙa ba shi ɗan abin sabulu. A gasar kanta, a ware kyauta ga ɗan bayan da ya fi iya miƙa ƙwallo, kamar yadda ake ba wanda ya fi cin raga. Yaro abin da ya ga ana tafa wa shi yake kwaikwayo.

Muna kuma kira ga masu jagorancin ƙaramar hukumar Sarkin Yamma da masu gari da su keɓe fili guda mai ƙasa mai tauri, a daidaita shi, a hana noma da gini a cikinsa. Aikin gayya na yini biyu da amalanken jar ƙasa sun isa a fara. Ƙungiyoyi irin su Ɗan Kasawa da Jangorzo, waɗanda suka ɗaga sunan Maraɗi a rukunin farko na gasar ƙasa, daga irin waɗannan filaye ya kamata su riƙa samun magada.

Ku kuma iyayenmu mata, ku da kuke kai ƙosai, awara da zoɓo bakin fili, kun san cewa ranar da zagi ya kai ga dambe, ciniki ya tashi ke nan. Ku tsawata wa masu zagin yara, bakinku yana da nauyi. Sannan ku yi hattara da masu zuwa da daɗin baki su ce za su kai yaro Turai idan aka ba da kuɗi. Dokar FIFA ta hana cinikin yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, in ban da wasu ƴan sharuɗɗa ƙalilan, kuma ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke kashe kuɗi a kansa. Kada a sayar da akuya ko a karya adashi saboda alkawarin baki, kada kuma a cire yaro daga makaranta saboda balo.

Gardama a majalisa ba laifi ba ce, ita ce gishirin kallo. Amma wanda ya fi ɗaga murya a kan cewa yaran ba su iya bugu ba, shi ya fi cancanta ya fara sa hannu a aljihu ya sayi ƙwallo ta farko. Allah ya raya mana yaranmu, ya ba mu kasuwa mai albarka.