Hotunan magabata a kasuwar gwanjo: abin da cinikin Lyon ke nufi ga Nijar

A watan Maris na 2023, a wani ɗakin gwanjo da ke birnin Lyon na ƙasar Faransa, an sayar da wasu ƙananan hotuna guda shida a kan kuɗin da ya kai kusan miliyan 40 na sefa. Mabiya ɗariƙar Muridiyya ta Senegal ne suka haɗa kuɗin, domin sun gamsu cewa mutumin da ke cikin hotunan shehinsu ne, Amadu Bamba, wanda ya rasu a 1927. Daga baya aka kai hotunan gida, aka danƙa wa halifan ɗariƙar.

Kafin nan hoto ɗaya tak aka sani na Shehun, wanda aka ɗauka a 1913, yana tsaye cikin fararen kaya, mayafi ya rufe rabin fuskarsa. Shi ake zanawa a bangon gidaje da jikin motocin haya a faɗin Senegal. Sabbin kuwa an danganta su da 1918, lokacin aza harsashin masallacin Diourbel, kuma sun fara fitowa ne a 2020 a Delcampe, wani shafin intanet inda masu tara tsofaffin katunan wasiƙa da tambarin gidan waya ke saye da sayarwa. An daɗe ana muhawara a kan ko shi ne ko ba shi ba ne kafin a kai ga ciniki.

Wannan kasuwa tsohuwa ce. A farkon ƙarni na 20 katin wasiƙa mai hoto, wato kart postal, shi ne abin da soja ko ma'aikacin mulkin mallaka ke aika wa iyalinsa a Faransa. Edmond Fortier kaɗai, mai ɗaukar hoto da ya zauna a Dakar ya kuma rasu a 1928, ya buga katuna fiye da dubu 3 na Afirka ta Yamma. Cikin irin waɗannan katuna akwai kasuwanni, ganuwoyi, masallatai, sarakuna da fadawansu. Da yake zuwa Turai aka aika su, a can suka tsufa cikin akwatuna, kuma daga can jikoki ke fito da su yau suna sayarwa.

Nijar na da nata rabon a cikin akwatunan. Damagaram ta riƙe matsayin babban birnin mulkin mallaka har zuwa 1926, kuma jami'ai masu kyamara sun zauna a cikinta. Ɗaya daga ciki shi ne Henri Gaden, wanda ya ɗauki Samori Ture hoto bayan kama shi a 1898, sannan ya yi aiki a Damagaram a farkon shekarun 1900. Hotunansa suna ajiye a gidan adana takardun mulkin mallaka da ke Aix-en-Provence. Waɗannan dai an san inda suke, mai bincike na iya neman kwafi. Na hannun ƴan kasuwa su ne abin damuwa: katin da aka sayar yau yana iya shiga kundin wani a Beljiyam ko Amurka, a yi shekara talatin ba a sake ganinsa ba.

Maganar mayar da kayan tarihi ba ta kai nan ba. Dokar da Faransa ta yi a ƙarshen 2020 ta shafi kayan fadar Abomey guda 26 da aka mayar wa Benin, da takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal da aka bar wa Senegal, duka kayan da ke hannun gwamnati. Katin da wani ya gada daga kakansa dukiyarsa ce, kuma tun asali bugawa aka yi da yawa don sayarwa. Hanya ɗaya ta rage, a saya. Ita gwamnatin Senegal ta bi a 2023 da aka fito da kayan tsohon shugaba Senghor gwanjo a birnin Caen.

Sai dai saye na da nasa lahani. Duk dillalin da ya ji labarin miliyan 40 ya fahimci cewa sunan shehi ko sarki a ƙasan hoto yana ninka farashi, kuma rubuta suna ba wuya. Ko a zamanin da aka buga katunan, akan sake fitar da hoto ɗaya da wani bayani daban. Al'ummar da za ta haɗa kuɗi ba tare da masanin da zai duba takarda, hatimin gidan waya da hannun da hoton ya biyo ba, tana iya sayen fuskar baƙo.

Alamar wannan ruɗani tana cikin wayoyin jama'a. Ana yaɗa hotuna da sunan Shehu Usman Ɗan Fodiyo, alhali ya rasu a 1817, shekara 22 kafin a bayyana fasahar ɗaukar hoto a 1839. Fuskar da da yawa ke ɗauka ta Sarauniya Mangu ce ta Lugu kuwa, ta Aï Keïta ce, ƴar wasan Burkina Faso da ta fito a fim ɗin Med Hondo na 1986.

Ga Nijar, aikin da ya fi sauƙin kuɗi yana cikin gida. A fadojin Damagaram, Katsinan Maraɗi, Gobir da Agadas, da gidajen malamai da tsofaffin sojoji, akwai hotunan da zafi da gara ke ci a hankali. Haka ma fina-finan wanke hoto na tsofaffin masu situdiyo, irin su Philippe Koudjina da ya ɗauki rayuwar Yamai bayan samun ƴancin kai, ya rasu a 2014. Gidan tarihi na Boubou Hama, ma'ajiyar takardun ƙasa da cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni suna iya kwafe su da na'ura, a bar wa iyalai na asali. Abin da ke da gaggawa shi ne sunayen: dattawan da za su nuna hoto su ce wannan wane ne, a wace shekara, a gaban wace ƙofa, suna raguwa kowace shekara.