Ba ƙaddara kaɗai ke kifar da kwale-kwale ba

Jama'a, yau ba maganar waya zan yi ba. Kullum ina faɗa maka kar ka sa wa wayarka cajar jabu, kana kuma ji. To don me za ka miƙa ranka ga injin jirgin da ake ɗura wa fetur ɗin 'yan bumburutu mai ruwa a ciki?

A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara a jihar Kebbi, mutane da yawa ba su dawo ba. Aka ce ƙaddara. Lodin wuce kima da ruɓaɓɓen katako fa, su ma ƙaddara ne?

Mai jirgi, da kai nake. Inji irin na haɗi man 2T yake so, ba baƙin man mota ba. In littafinsa ya ce 50:1, rabin lita ke nan a lita 25 ta fetur. Ka tace man, ka ajiye fulogi na biyu. In ruwan da ke tsartowa bayan inji ya tsaya, kashe shi, zafi zai ɗauka. Jirgin da ake ta kwalfar ruwa tun daga gaɓa, a gyara ko a koma na faiba.

Kai kuma fasinja, NIWA ta hana tafiyar dare. Babu rigar kariya, kar ka hau. Waya ana gyarawa, rai fa?