Mun Iya Jana'iza, Mai Rai Ne Ya Gagare Mu

Idan Bahaushe ya rasu a Ketu ta Legas, kafin la'asar an haɗa kuɗin likkafani, an sami mai wanka, an buga wa danginsa waya a Funtuwa ko Illela. Idan 'yan sanda suka kama ɗan dako, kafin magariba an tara kuɗin beli. Idan tirela ta kife da tumatir a hanyar Mokwa, dillalai sun san yadda za a raba asara. A waɗannan babu mai kushe mu. Amma a kawo mana mutum da ƙafafunsa biyu da hannayensa biyu, wanda aka kashe maƙwabcinsa a kan idonsa, tun daga ranar kuma bai ƙara yin barcin kirki ba, nan take dabararmu ta ƙare. Sai a dafa kafaɗarsa a ce, "Haba malam, kai fa namiji ne. Ka bar wa Allah." Shi ke nan, an sallame shi, kowa ya koma rumfarsa.

Wannan sakaci ne, kuma namu ne.

Ba mu da uzurin cewa abin baƙo ne a wajenmu. A watan Nuwamban 1999 aka gwabza tsakanin 'yan ƙungiyar Yarbawa ta OPC da Hausawa kan ikon kasuwar Mile 12, rahotanni suka ce mamatan sun haura ɗari, har Shugaba Obasanjo ya ba da umarnin harbi nan take. A watan Oktoban 2000 wutar ta koma Ajegunle da kewaye, a Fabrairun 2002 ta faɗa Idi-Araba. A watan Maris na 2016 rigimar da ta taso kan wani ɗan acaɓa a Agiliti ta sake cin rayuka da gidaje, Gwamna Ambode ya rufe kasuwar Mile 12. Duk lokacin da ƙura ta lafa, lissafi iri ɗaya muke yi: gawa nawa, rumfa nawa, buhun albasa nawa ya ruɓe, yaushe za a buɗe kasuwa. Ba mu taɓa zama mun tambayi halin waɗanda suka kwana a ɓoye cikin kwata suna jin ihun 'yan'uwansu ba. Yaron da yake ɗan shekara goma a 1999 yau magidanci ne, kuma idan tayar mota ta fashe a bakin titi har yanzu akwai masu zabura su nemi hanyar gudu. Mu kuwa dariya muke yi musu.

Ga kuma sabbin zuwa. Samarin da tireloli ke saukewa daga Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno, da yawansu ba cirani na marmari ya kawo su ba. An ƙone garinsu, ko an sace uwarsu an sayar da gona an biya fansa. Da raunin suka iso. Suka ci bashi suka sayi babur, sai gwamnatin Legas ta tsananta dokar hana acaɓa a 2022, ta kai har Kosofe inda Ketu take, aka kama babura aka niƙe. Mutum ya tsere wa harsashi, ya zo ya rasa jarinsa a rana ɗaya, yana kwana a kan kwali a bayan rumfa, sannan mu yi mamaki don an gan shi yana magana shi kaɗai.

Razana ba ta tsayawa a zuci. Idan mutum ya firgita, jiki yakan saki sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, jini ya hau, barci ya gudu, don a samu a tsira. Wannan rahama ce ta ɗan lokaci. Amma idan firgicin ya ƙi sauka, wata da watanni, sai abin da ya ceci mutum ya koma cinsa: hawan jini, ciwon kai marar jin magani, faɗuwar gaba, saurin fushi, mugun mafarki. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1998, a kan mutum fiye da 9,000, ya nuna cewa waɗanda suka sha baƙar wahala suna yara sun fi kamuwa da ciwon zuciya da shaye-shaye bayan sun girma. To mu nawa muka binne da sunan "jiya-jiya muna tare, kawai ya yanke jiki ya faɗi"? Ajali gaskiya ne. Amma wanda bai taɓa gwada jininsa ba shekara ashirin, ba ajali kaɗai ne ya yi aiki a kansa ba, har da rashin kularmu.

Me muke yi wa irin wannan mutum? Suna uku muke da su, mu zaɓa masa ɗaya. Ko a ce iska ce ta buge shi, ko a ce ɗan ƙwaya ne, ko a ce imaninsa ne ya yi rauni. Na biyun ma sau da yawa mu muka kai shi: ya ce ba ya barci, ba wanda ya saurara, sai mai kamis na lungu da mai tallan magani a faranti, su kuwa tiramol suka sani. An hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ba a hana abin da ke tura yaro nemansa ba. Idan abin ya yi tsanani ya fara ba mu kunya a gaban Yarbawa, sai a yanke hukuncin da muka fi ƙwarewa a kai: "A mai da shi gida." A sa shi a bayan tirelar da ta sauke kaya za ta koma Arewa, a ba direba kuɗin abinci, a ce an yi zumunci. Gidan da ake mai da shi, wataƙila daga can ya gudo. Kuma mun ga inda wasu ke ƙarewa, tunda a 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa.

Allah gafarta malam, kai da ke hawa mumbari ranar Juma'a, ka fi ni sanin cewa baƙin ciki ya taɓa idon Annabi Yaƙub, kuma ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Ka san shekarar da Manzon Allah ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib, da baƙin ciki aka yi mata suna. Abu Zaid al-Balkhi, fiye da shekara dubu da suka wuce, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai tare, ya yi bayanin tsoro da ƙunci a matsayin cututtuka masu magani. Daga ina muka samo cewa wanda ya ce "ba na iya barci" ya saɓa wa tawakkali? Yi masa addu'a, yi masa ruƙiyya, sannan ka ce masa ya je asibiti. Bakinka zai ji, ba nawa ba.

Asibitin kuwa ba a bayan duniya yake ba. Na masu taɓin hankali na Yaba yana nan tun 1907. Akwai babban asibitin Gbagada kusa da mu, akwai asibitin koyarwa a Idi-Araba, unguwar da aka zubar da jininmu. A Aro ta Abeokuta, tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya nuna cewa marar lafiya ya fi saurin warkewa idan yana zaune cikin jama'a da wani nasa a gefe, har ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, layi yana da tsawo, wannan haka yake. Amma ɗan dakon da ba ya jin Turanci ko Yarbanci, ko layin ba zai gani ba sai an raka shi.

Ranku ya daɗe, sarakunan Hausawa, da ku alhazai shugabannin sassan kasuwa: kowace mota da ta shigo ana karɓar kuɗi, kowane kwando yana da lada. A cikin wannan kuɗi a ware na mai raka marar lafiya asibiti ya yi masa tafinta. A sayi na'urar awon jini a ajiye a masallaci, a nemo ma'aikacin jinya ɗan Arewa, akwai su a Legas, ya riƙa zuwa bayan sallar Juma'a. A tuna da matan da ke cikin ɗaki, su da ba sa zuwa majalisa balle a ga ramarsu. Kuma kafin a sake ɗora wani a bayan tirela, a tabbatar likita ya fara ganinsa, a kuma san sunan wanda zai tarbe shi a can.