Daga Zagami Zuwa Agadas: Wa Ke Auna Duwatsunmu?

A watan Yulin 2025, kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 a birnin New York, aka saye shi dala miliyan 5.3. An tsince shi ne a yankin Agadas a Nuwamban 2023, kuma gwaji ya tabbatar da cewa daga duniyar Mars ya ɓalle ya faɗo. Sai da ciniki ya faɗa gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fice daga ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Ihu bayan hari.

Mu ma mun taɓa samun irinsa. Ranar 3 ga Oktoban 1962, dutse mai kimanin kilo 18 ya faɗo a wata gona a Zagami, ƙasar Katsina. Shi ma ɗan Mars ne, kuma yau gutsattsarinsa na warwatse a hannun masu tara kayan tarihi na ƙetare.

Abin lura shi ne, auna abin da ke cikin dutse ya daina zama aikin manyan ɗakunan gwaji kaɗai. Tun 2012 motar binciken Amurka mai suna Curiosity take yawo a Mars da na'urar ChemCam, wadda ke harba hasken leza kan dutse daga nisan da ya kai mita 7. Hasken yakan ƙone ɗan ɗigon da bai wuce kan allura ba, ya yi tartsatsi. Kowane sinadari da launin hasken da yake fitarwa, don haka na'urar ke karanta tartsatsin ta faɗi ko akwai ƙarfe, alli ko wani abu. Da wannan dabara Indiya ta tabbatar da farar wuta a kudancin wata a 2023.

Yanzu ana ƙera irinta ta riƙewa a hannu, kuma a nan batun ya shafi 'yan kasuwa. Na'urar hannu mai aiki da eksire, wadda dillalan ma'adinai suka saba da ita, ba ta ganin litiyam saboda rashin nauyinsa. Mai leza tana gani. Mai haƙa a Nasarawa ko Kaduna da ke sayar da buhun dutse da ƙiyasin ido, alhali mai saye ya san adadin litiyam ɗin da ke ciki, ya shiga ciniki a makance.

Ba a ce na'urar za ta tabbatar da dutsen Mars ba. Wannan sai cikakken ɗakin gwaji. Tana da tsada, kuma sai an horar da mai riƙe ta. Amma hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa tana da ɗakunan gwaji a Kaduna. Babu abin da zai hana jihohi haɗa kai da ita, a ajiye na'ura da ma'aikaci a wuraren cinikin ma'adinai, mai haƙa ya biya ɗan kuɗi a auna masa kayansa kafin a yi tayi.