Kowa Na Ɗaukar Sabon Jirgi, Tsohon Fa Wa Zai Ɗauka?

Yau ba maganar batir mai kumbura ko wayar da ta ƙi caji na zo da ita ba. Ra'ayi ne nake da shi, kuma na san wasu za su ce na sauka daga layi. Ku yi haƙuri ku karanta, kan waya za mu dawo.

Ɗan uwa, idan ka taɓa hawa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, na tabbata akwai shaida a wayarka. Ko selfi a tashar Rigasa, ko a Idu, ko bidiyon daji yana wucewa ta taga. Tun da aka buɗe layin nan a watan Yulin 2016 hotunansa suka cika Facebook, kuma ba laifi, abin alfahari ne. Amma duba min, kana da hoto ko guda ɗaya na tsohon jirgi, wanda ke bi ta Zariya ya nufi Kano? Kana da hoton tsohuwar tashar garinku? Yawancinmu babu. Muna wucewa ta gefensu a kan mashin kullum, ba ma ko waiwayawa. Ni ra'ayina shi ne tsohon ya fi bukatar kyamararka yanzu. Sabon yana nan, ana ɗaukarsa kullum. Tsohon kuwa tafiya yake yi.

Abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai ga shi. Watannin baya wani bawan Allah ya kawo min waya shago. Ta faɗa ruwa, ya tura ta cikin shinkafa kwana uku, sannan ya jona ta a caji don ya gwada. Wanda ke bin shafin nan ya san wannan jonawar ita ke ƙarasa kashe waya. Na ce masa, Yaya, gyaran nan zai iya kusan kai kuɗin sabuwa. Sai ya ce, "Ƙanena, ba wayar ce ta dame ni ba, abin da ke ciki nake so." Mahaifinsa tsohon ma'aikacin reluwe ne. Kafin ya rasu, ɗan ya kai shi tasha, ya ɗauke shi a jikin wani tsohon kan jirgi, ya yi bidiyonsa yana bayanin yadda suke canza wa jirgi layi da hannu. Na buɗe wayar, na wanke injin, na bi layukan wuta, na kwana biyu a kanta. Ba ta tashi ba. Wayoyin yanzu kuma abin da ke ma'ajiyarsu a kulle yake, ko ka ciro ma'ajiyar ka ɗora a wani injin ba za ka karanta komai ba. Abin da ya tsira hotuna biyu ne da ya taɓa turawa guruf ɗin gidansu a WhatsApp. Da muka zuƙo su, fuskar tsohon ta ɗan fito, amma lambar da ke jikin kan jirgin ta dagule, ba ta karantuwa. Bidiyon kuwa ya tafi. Mutumin bai yi min faɗa ba, ya ba ni kuɗin wahala ya tafi, kuma wallahi da ya yi faɗan da ya fi min sauƙi.

Wani zai ce ai jirgin yana nan, a koma a sake ɗauka. A nan ne mutane ba su gane ba. Tsohon layi da sabo faɗinsu ba ɗaya ba ne. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe a tsohon layi milimita 1,067 ne, a sabon kuma 1,435. Ma'ana tsohon kan jirgi da taragunsa ba za su taɓa hawa sabon layi ba, kamar yadda cajar ƙaramin baki ba ta shiga waya mai Type-C. Ba gyara za a yi musu su ci gaba ba. Duk inda sabon layi ya karɓi fasinja da kaya, tsofaffin ajiye su za a yi a gefe, ciyawa ta rufe su, tsatsa ta ci, 'yan gwangwan su yi ta zagaye. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin Kaduna zuwa Kano, a shekarar kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ni ma addu'a nake a gama su lafiya. Amma ranar da aka gama, wa zai ƙara sayen tikitin tsohon?

Kuma abin da za a ajiye ɗin ba ƙaramin abu ba ne. A 1911 layin dogo ya iso Kano. Shi ya ja gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, dalar gyaɗar da muke gani a tsofaffin hotuna jiran jirgi take yi. Sabon Garin Zariya a gefen tasha ya tashi. Daga Zariya reshe ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda, daga Kano wani ya tafi Nguru, a 1964 kuma layi ya kai Maiduguri. Ga misalin da ya fi ba ni tsoro: an taɓa yin wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, aka rufe shi a 1957. Tambayi matasa goma a Zariya yau, zai yi wuya ka samu biyu da suka taɓa jin labarinsa. A lokacin kyamara sai Bature da mai hali, suna da uzuri. Mu da kowa ke yawo da kyamara a aljihu, wane uzuri za mu ba jikokinmu?

Na san abin da za a ce, wai wannan sha'awar Turawa ce, aikin wanda ya ƙoshi. Gaskiya ne a Ingila abin ya yi ƙarfi. A 1942 wani matashi ma'aikacin reluwe mai suna Ian Allan ya buga ɗan littafi mai jerin lambobin kawunan jirage, yara suka riƙa tsayuwa a tasha suna yi wa duk wanda suka gani alama. An yi musu dariya sosai. Amma da hukumar jiragen ƙasarsu ta daina aiki da jirage masu kwal a 1968, hotuna da littattafan waɗannan da ake wa dariya suka zama abin nema. Ni ban ce ka bar sana'arka ka tare a tasha ba. Minti goma ne, ranar da hanya ta bi da kai.

Akwai kuma masu cewa tsohon jirgi abin kunya ne, ga jinkiri, ga cunkoso, ga zafi, a bar shi ya tafi. Ban musa ba, duk wanda ya kwana a hanya cikinsa ba zai yi masa waƙa ba. Amma hoto ba yabo ba ne. Ɗauki tsatsar, ɗauki tagar da ta fashe, ɗauki mai tallan rake a bakin tarago. Haka abin yake, haka ya kamata a gan shi.

To, idan ka yarda, ga inda nake ganin mutane ke ɓata aikin. Kafin komai goge gilashin kyamara da gefen riga mai laushi. Rabin wayoyin da ake kawo min wai kyamara ta yi hazo, maiƙon yatsa ne da ƙurar hunturu. Kwantar da wayar a kwance, jirgi dogon abu ne, ɗaukar tsaye ta sitatus tana yanke shi. Sannan ka rabu da zum ɗin yatsa biyu. A yawancin wayoyinmu ba matso da abu yake yi ba, yanka hoton yake yana buɗa shi, shi ya sa rubutu ke narkewa. Idan wayarka na da kyamarar nesa ta daban, taɓa 2x ko 3x ɗin da ke rubuce ka tsaya nan. Idan babu, ɗauka a 1x ka yanke daga baya.

Jirgin da ke tafiya yana son saurin ɗauka. Shiga Pro a kyamararka, nemi harafin S, ka kai shi 1/500 ko 1/1000 idan da rana ne. Wanda wayarsa ba ta da Pro ya yi amfani da ɗauka a jere, a wasu wayoyin danne maɓallin ake yi a riƙe, a wasu kuma jan shi ake yi, sai ka zaɓi mai kyau a ciki. Rana ta kasance a bayanka, kuma safiya ko bayan la'asar sun fi tsakar rana. Amma mafi yawan abin da nake roƙonka ka ɗauka ma a tsaye yake: allon sunan tasha, tagar sayar da tikiti, tankin ruwa, ƙarfen canza layi, gidajen kwatas ɗin reluwe, gada. Kowane kan jirgi yana da lamba a jikinsa. Ka yi hoto ɗaya na jirgin gaba ɗaya, ka yi na biyu na lambar kaɗai, yadda za ta karantu. Idan ka ga ƙaramin allon ƙarfe mai sunan kamfanin da ya ƙera shi da shekara, wannan ya fi selfi ɗari. Kar ka manta da sauti. Bidiyon sakan talatin na ƙahon jirgi da ƙarar ƙafafunsa a mahaɗar ƙarfe, abu ne da hoto ba zai riƙe ba. In kuma akwai tsohon ma'aikacin reluwe a unguwarku, ka je ka gaishe shi, ka ce Baba ina so in naɗi labarinka. Sa wayar kusa da bakinsa, ka yi shiru.

Yanzu maganar da ba wasa a ciki. Kar ka hau kan layi. Ko tsoho ne, ko ka tabbata an yi wata ba a ga jirgi ba. Jirgi ba mota ba ne, idan direba ya ja birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya, kuma jikinsa ya fi layin faɗi, don haka tsayuwa dab da ƙarfe ma ba tsira ba ce. Ido a kan sikirin yana ruɗi, abin da ke kusa sai ka gan shi nesa. Cire abin kunne. Yaran da ke TikTok a tsakiyar layi ko suna leƙo da jiki ta ƙofar tarago, ba da su nake ba, kuma in ƙanenka ne ka tsawata masa. A Japan akwai masu ɗaukar jirage da suka yi ƙaurin suna wajen turereniya da shiga inda aka hana, har jama'a suka tsane su. Ba irin wannan nake kira a fara a nan ba.

Sai batun tsaro, wanda shi ne hujja mafi nauyi a kan ra'ayina, kuma ba zan raina ta ba. Bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, duk jami'in da ya ga baƙo yana ɗaukar layi ko gada yana da dalilin tsayar da shi. Saboda haka kar ka yi a ɓoye. Je wurin shugaban tasha ko jami'in da ke bakin ƙofa, ka yi sallama, ka ce Yallaɓai ga abin da nake so in ɗauka, ga dalili, ga katin shaidata. In ya ce a'a, a'a ce, ka yi godiya ka tafi. Kar ka ɗauki jami'an tsaro ko inda suke tsayuwa, kar ka wallafa lokacin wucewar jirgi kai tsaye, kuma fuskar mutane, musamman mata, sai da izininsu. Ni a nawa ganin wanda ya tambaya a fili ya fi samun dama, wani lokacin ma tsohon ma'aikaci ne zai ja hannunka ya nuna maka abin da ba ka san yana wurin ba.

Mu koma kan mutumin nan mai wayar ruwa, don duk wahalar banza ce idan hoton a waya ɗaya yake kwana. In za ka tura a WhatsApp, kar ka tura ta hanyar hoto yadda aka saba, matse shi ake yi. Taɓa alamar maƙala fayil, ka zaɓi dokumen, ka ɗauko hoton daga nan. Haka zai isa da cikakken girmansa, da ranar da aka ɗauka a cikinsa. Facebook ma matsewa yake, wurin nunawa ne, ba wurin ajiya ba. Kunna ajiyar Google Photos, kana da 15GB kyauta, amma ka sani da Gmail da Drive kuke raba shi, kuma in data ta yi tsada ka saita shi sai a Wi-Fi. Rubuta imel ɗinka da kalmar sirrinsa a takarda ka adana a gida, don mutum nawa ne ke zuwa shagona ba su san nasu ba, wai yaron da ya saita musu waya ne ya buɗe. Memori kuma a kula, na jabu sun yi yawa a kasuwa, zai nuna 64GB alhali in ya wuce ɗan abin da ke cikinsa na gaskiya sai fayil su fara lalacewa. Mafi kyawun guda biyar ɗin, kai su a wanke maka a takarda.

Kuma ka sa wa hoto suna. Hoton da ba a san ina ne ba, ba a san yaushe ba, bayan shekara ashirin gardama kawai zai haifar. Canza sunan fayil ɗin ya zama gari, wuri, rana da lambar jirgi. In kana so ya amfani wanda ba ka sani ba, buɗe asusu a Wikimedia Commons ka ɗora, daga can masu rubuta Wikipedia ta Hausa ke ɗaukar hotuna. Sharaɗinsu shi ne kai ka ɗauka da hannunka, kuma ka yarda kowa ya yi amfani da shi, a lasisin da aka fi zaɓa tare da ambaton sunanka.

Ni dai na buɗe folda a wayata, na sa mata suna Reluwe, hotuna goma sha ɗaya ne a ciki zuwa yanzu, kuma duk suna da kwafi a wuri biyu. Ranar Juma'a ba na buɗe shago sai bayan an sauko daga masallaci, da safen zan koma tasha, akwai wani tarago a can ƙarshen yadi da ban samu lambarsa ba saboda rana ta haske ta. Wanda ke kusa da Nguru ko Ƙauran Namoda ko Kafanchan, don Allah ya leƙa tasu tashar, ni ƙafata ba ta kai can ba.